Ranar Da Fitila Ta Kama Ina Cikin Allo

Duk matashin da ya zo shagona a Damba neman koyon aikin allon talla, wurin kwamfuta yake fara tsayawa. A ganinsa aikin ke nan: ka zauna ƙarƙashin fanka, ka zaɓi launi, inji ya fitar maka da rubutu a jikin ledar fileks, ka naɗe ka miƙa wa mai kaya. To tunda yau an ɗauke wuta, inji ya huta, ku gyara zama ku ji. Abin da kuke gani a cikin shagon nan ɗan guntun aikin ne. Sauran yana can sama a bakin titi, inda iska take, inda wayar wuta take, inda kuma ba ka da wurin gudu.

Sunana Garba, amma Garba Mai Allo aka fi sani. A wurin wani mutumin Kudu na koya, Oga Emma, wanda yake da rumfa a Sabon Gari tun Gusau ba ta zama babban birnin jiha ba. Lokacin babu inji. Buroshi ne da fenti da alli da zare. Ka shafa wa zare alli, ka ja shi a jikin allo, ka ɗaga tsakiyarsa ka saki, ya bar maka layi, a kan layin nan za ka zaunar da haruffanka. Na daɗe ina wanke buroshi da kananzir kafin ya yarda in rubuta ko harafi ɗaya a kayan mutane. Hausarsa ta fi ta wasunku. In ya ga hannuna yana rawa sai ya ce, "Garba, riƙe numfashi, ja layinka, sannan ka shaƙa." Da aka shiga yayin allo mai wuta, shi ya koya mini haɗa akwatinsa: a walda ƙarfe, a jera dogayen ƙwayayen fitila a ciki, a rufe da farar fuska mai ɗauke da rubutu. Abin da ya fi tsanantawa a kai shi ne inuwa. Duk abin da ya shiga tsakanin ƙwai da fuskar allo, ko ɗan guntun waya ne, da an kunna zai fito ɓaro-ɓaro a waje. Ƙadangare in ya shiga ciki, mai wucewa a titi sai ya ga kamar kada ne ya kwanta a kan sunan kanti.

Kayan aikin sama ba su da yawa: tsani, bel ɗin ɗaure ƙugu, igiya da bokiti, filaya, sukundireba, da testa ta gwada wuta. Ƙa'idar ita ce ba a hawa da kaya a hannu. Ka hau da hannuwanka biyu, ka ɗaure kanka, sannan na ƙasa ya zuba maka kaya a bokiti ka jawo. Shi ya sa mai allo ba ya aiki shi kaɗai. Bayan Oga Emma ya tsufa ya koma garinsu, abokin aikina ya zama Lawali, mai walda, mutumin Bungudu. Shi ne na ƙasa, ni ne na sama, domin shi ƙato ne, tsani ba ya son sa, ni kuwa kun dai gan ni.

Masu ba mu aiki kala-kala ne: masu gidan mai, masu kantin magani, masu makaranta, fastoci, 'yan siyasa in zaɓe ya matso. Amma buƙatarsu ɗaya ce. Kowa so yake nasa ya fi na maƙwabcinsa tsawo da haske, ya kuma matso kwalta har ya kusa hawa kanta. Mai taka musu birki shi ne ofishin tsara gari.

Wani aiki da muka yi a Bungudu shi ya haɗa ni da Malam Isa, jami'in da ofishin yake turowa duba wuri. Allon gidan mai ne. Mun haƙa rami, mun zuba kankare, mun tsayar da ƙarfe, saura mu ɗora fuska, sai ga shi a kan babur da gwangwanin jan fenti. Ya kalli sama, ya kalli kwanar titi, ya taka daga bakin kwalta zuwa gindin ƙarfen, sai ya tsoma buroshi ya zabga mana jar alama.

Na ce, "Yallaɓai, me muka yi?"

Ya ce, "Abu biyu. Ka ga babbar wayar can? Ranar da iska ta kaɗa ta, allonka za ta fara gaisarwa. Na biyu, direban da ya fito daga kwanar nan da dare, hasken nan cikin idonsa zai shiga. Ba zai ga mai keke ba, ba zai ga jaki ba."

Mai gidan man ya yi ta faɗa, ni ma na yi nawa a ciki, domin fasa kankaren da ya bushe ba wasa ba ne. Muka tumɓuke, muka mayar da shi baya. Farkon daminar shekarar aka yi wata iska mai ɗauke rufin kwano, wayar ta tsinke ta faɗo daidai kan tsohon raminmu. Lawali ne ya kai ni na gani da idona, ciyawar wurin ta ƙone baƙi ƙirin. Tun daga nan, in an ba ni aiki, kafin in sayi ƙarfe sai na je na ɗauko Malam Isa ya taka wurin. Nisa daga kwalta, nisa daga waya, ƙarfin haske, kada allo ya rufe alamar hanya, kada ya yi ja da kore kusa da danja. Waɗannan su ne dokokinsa, kuma ba a lanƙwasa shi a kansu.

Allon da ya fi kowane girma a cikin waɗanda na taɓa kafawa na Alhaji Bala ne, mai kantin magani da shagon hatsi a wani ƙaramin gari na bakin titi, bayan ka wuce Tsafe kafin ka kai Kucheri. Ba zan faɗi sunan garin ba. Babu wutar lantarki a can, don haka na sola muka yi. Fuska biyu gare shi, ɗaya tana kallon masu fitowa daga Gusau, ɗaya masu zuwa daga Funtua, tsakaninsu akwai filin da siririn mutum zai iya shiga ya tsaya. A kan ƙarafan tsakiya muka jera ƙananan ƙwayayen zamani kamar carbi. A ƙasansa muka yi wani dogon akwatin ƙarfe mai kama da komin shayar da dabbobi, a nan batura suke zaune. Saboda ɓarayin batir, Alhaji ya ce a kai komai sama, a yi ƙofa a gefe, a sa kwaɗo. Muka haɗa masa na'urar da take kunna shi da kanta in rana ta faɗi, ta kashe shi da asuba. Babu makunni a ƙasa. Mai son taɓa wutar allon nan sai ya kawo dogon tsani. Malam Isa ya zo ya duba, ya ce ya yi.

Hasken nan ya canza bakin titin. Kafin wata ya zagayo mai shayi ya kawo teburinsa, mai tsire ya kawo tukubarsa, direbobin manyan motoci suka fara tsayawa sallar magariba a wurin. Wadda ta riga kowa kama wuri a gindin ƙarfen ita ce Inna Hajo, wata tsohuwa mai ƙosai da gwiwoyi suka kama, sai an kawo ta a amalanke an mayar da ita. Duk lokacin da na je wanke farantan sola sai ta naɗe mini ƙosai a takarda, ta ce, "Karɓi, ɗan nan, ladan fitila ne."

Sai shekarar da hanyar ta lalace. Ba kwalta nake nufi ba. 'Yan bindiga suka fara tare motoci, suna shiga garuruwa suna kwashe mutane. Sana'armu ta juye. Mutumin da jiya yake roƙonka ka ƙara wa sunansa haske, yau shi yake kiranka ka zo ka sauke allon, domin allo mai wuta yana faɗa wa kowa cewa mai shagon nan yana da abin hannunsa. A shekarar, allunan da na sauke sun fi waɗanda na kafa.

Dattawan garin su Alhaji Bala suka kai kuka ofis a kan allonsa. Malam Isa ya ce in raka shi, tunda ni na kafa. Aka yi zama a ƙofar gidan mai gari bayan azahar, maza a kan tabarma, mata a bayan zana suna ji.

Mai gari ya ce, "Yallaɓai, mu ba mu da faɗa da Bala, ɗanmu ne. Amma wagga fitila tashi ita ka nuna mu. Duk garuruwan da ka kewaye da mu duhu ne, mu kaɗai ka haske, kamar muna cewa ga mu nan ku taho."

Alhaji Bala ya ce, "Baba, ɓarawo ai duhu yake so. Tun da anka kunna ta ko akuya ba a ɗauka ba a bakin titin nan. Kuma matan da ke cin abinci ƙarƙashinta fa, ina za su?"

Daga bayan zana aka ji muryar Inna Hajo. "A to, a dai tambaye mu. Ni marayu nike ciyarwa da kaskon nan."

Wani dattijo ya ce, "Hajo, sai da rai ake suya."

Wurin ya kaure. Malam Isa ya bari suka gaji, sannan ya ce, "Ni dokar da ke hannuna ta direba ce da ta wayar wuta. Ba a taɓa gaya mini abin da zan yi da fitilar da ake tsoron a hango daga daji ba." Ya juyo gare ni. "Garba, daga duwatsun can ana iya ganinta?"

Na ce, "Yallaɓai, ban taɓa zuwa can na duba ba. Amma in na hau sama ina hango duwatsun sarai."

Ya murza hularsa a gwiwa. Sannan ya yanke: allo ya tsaya inda yake, amma a kashe wutarsa har hanya ta gyaru. Alhaji Bala bai so ba, amma bai yi musu ba. Ya zaro makullin kwaɗon daga aljihu ya miƙo mini. Ranar ba mu zo da tsani ba, sai muka ce za mu dawo.

Ranar da muka koma, da sassafe muka bar Gusau ni da Lawali, tsani ɗaure a bayan a-kori-kura. Motar ta mutu mana a Tsafe, makaniki ya riƙe mu har bayan la'asar. Muka kalli rana, muka ga za ta ishe mu, aikin cire waya ɗaya ne. Damina ta yi nisa, dawa ta rufe mutum ta ko'ina. Da muka isa Inna Hajo ta riga ta ɗora kasko, mai shayi yana jera kofuna.

Lawali ya riƙe tsani, na hau, na ɗaure bel, na buɗe kwaɗo, na shiga ciki a karkace. Na sako igiya, shi kuma ya duƙa yana zuba kaya a bokiti. Kafin ya ɗaura, na ɗaga kai na kalli gonakin bayan gari ta ƙofar. Sai na ga kawunan dawa suna kaɗawa a layi ɗaya, alhali babu iska. Sannan na ga baburan, a jere, kowane da goyo, bakin bindiga yana leƙowa ta kafaɗa.

Na ce, "Lawali! Ga su nan!"

Ban rufe baki ba aka saki harbin farko. Wurin ya watse. Teburin mai shayi ya kife, wani da ke gudu ya bangaji tsanin, ya tafi ƙasa gaba ɗaya. Lawali ya rungumo shi yana ƙoƙarin tayarwa shi kaɗai, yana cewa, "Maigida, sauko! Sauko!"

Na ce, "Bar shi! Gudu, Lawali, gudu!"

Ya kalle ni, ya kalli hanyar da ƙarar take fitowa, ya saki tsanin ya faɗa cikin dawa. Na jawo igiyar sama da sauri, na kwance bel daga ƙarfen waje, na jawo ƙofar na rufe kaina a ciki.

A ƙasan akwatin akwai 'yan ramukan da muka huda don ruwan sama ya riƙa zubewa. Ta nan na sa ido. Babu kowa a bakin titi sai Inna Hajo a kan kujerarta, ƙosai yana ƙonewa a kasko. Baburan suka zo suka tsaya daidai ƙarƙashina, warin fetur da hayaƙi ya taso mini. Wasu suka bazu cikin gari, wasu suka fasa shagon hatsi da kantin magani. Ɗaya ya zo ya tsamo ƙosai da hannu yana hurawa, sai ya ga tsanin a kwance. Ya taɓa shi da ƙafa.

"Tsohuwa, tsanin wa ne?"

Ta ce, "Na masu gyara ne. Sun zo, sun ji ku, sun gudu."

"Duka?"

"Duka. Wa za ya tsaya?"

Ba ta ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Ta ɗauki ludayi ta shiga kwashe ƙonannen ƙosai kamar babu abin da ya dame ta a duniya sai shi. Mutumin ya kwashi filayata da sauran kayan da ke bokiti ya zuba a aljihu, ya wuce.

Ina tsaye a ciki, jingine da ƙarafan tsakiya, sai na lura farar fuskar allon ta fara yin ja-ja. Rana tana faɗuwa. A nan na tuna da na'urar. Da duhu ya shiga za ta kunna ƙwayayen nan duka, ni kuwa ina tsakaninsu da fuskar allo. Duk wanda ke bakin titi zai ga mutum a tsaye, da kansa da kafaɗunsa, a kan sunan Alhaji Bala.

Na lalubo wayar da ta fito daga batir. Ko babu filaya zan iya fizge ta da hannu. Na riƙe ta ke nan sai na ji wani a ƙasa yana cewa, "Ku dakata da ɗaurin buhunan nan. Yanzu fitilar za ta kama, mu ga abin da muke yi."

Na saki wayar. Sun san ta, sun san lokacinta. In ba ta kama ba wani zai ɗaga kai ya ce me ya same ta, ga kuma tsani a kwance a gabansu.

Wuri ɗaya ne inuwa ba ta fitowa, cikin akwatin batir, domin shi ƙarfe ne, kuma yana ƙasa da layin ƙwayayen. Baturan sun cinye gefe ɗaya, abin da ya rage bai kai faɗin kafaɗuna ba. Na cire hula na cusa a riga. Na juya ƙarfen bel ɗina ya koma baya, domin in ya haɗa kawunan batir biyu tartsatsin da zai tashi har ƙasa za a ji. Sannan na fara zamewa, ƙafafu da farko. Ƙarfen yana ƙara in na motsa, don haka sai wani ya murza babur nake matsawa kaɗan, in ya saki in tsaya. Haka na yi ta yi har na kwanta a gefe ɗaya, hannu ɗaya a ƙarƙashina, kumatuna a manne da batir mai ɗumi, gwiwoyina a danne don kada su wuce bakin akwatin.

Na'urar ta yi ɗan ƙas a kusa da kunnena, haske ya cika wurin.

Ban taɓa kasancewa a cikin allo yana kunne ba. Ko na rufe ido farin yana ratsowa. A ƙasa wani ya ce, "Yawwa." Na jira in ji an ce ga mutum. Ba a ce ba. Ina jin ana jan buhuna, ana ɗaure su da roba. Ƙwarin damina suka fara shigowa ta ramukan, suna hawa fuskata, ɗaya ya shiga kunnena yana fiffika, ba halin in ɗaga hannu. Ƙafata ta dama ta ɗaure, daga baya na daina jin ta gaba ɗaya.

Wani mai ƙaramar murya ya ce, "Bari in ga ko zan iya kashe ta daga nan."

Ƙarar ta zo tare da girgizar allon duka. Harsashin ya huda fuska ɗaya ya fita ta ɗayar, sama da ni kaɗan, layi ɗaya na ƙwayayen ya mutu, gutsattsarinsu suka zubo mini a wuya. Wani babba a cikinsu ya daka masa tsawa. "Kai! Bar ta, ba mu gama ba."

Sai na ji muryar Alhaji Bala. Sun fito da shi daga gida. Yana cewa, "Ku ɗauki abin da kuke so. Ni ga ni, ku bar iyalina." Ta ramin nan na hango ƙafafunsa babu takalmi. Suka ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu. Akwai wasu da aka ɗora bayansa, ina jin kukan mace, amma ban gan su ba. Baburan suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ƙarar ta yi ta nisa har ta ɓace.

Lokacin isha'i ya yi, ba wanda ya kira salla. Can sai na ji Inna Hajo, a hankali, kamar mai magana da kaskonta.

"Malam Garba. Kana da rai?"

Ban yarda in ɗaga murya ba. Sai na ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa.

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Kwanta nan, kak ka motsa, sai an zo."

Lawali ne ya fito daga dawa da wasu mutum biyu suka tayar da tsanin. Shi da ba ya hawa, ranar ya hau har sama, ya jawo ni ta hammata, ya sauko da ni a kafaɗa kamar buhu, domin ƙafafuna sun sandare. Muka kwana tare da waɗanda suka rage a garin, da gari ya waye muka koma Gusau. Wayar da muka je cirewa tana nan yadda take.

Bayan haka yawancin mutanen garin suka kwashe zuwa Tsafe da Gusau. Malam Isa ya zo shagon nan ya same ni, ya zauna a kan bencin can. Da zai tashi ya ce, "Ba zan sake tura kowa wurin nan ba yanzu. A bar shi." Haka allon ya ci gaba da kunna kansa kowace magariba a kan garin da ya kusa zama kango. Direbobi suna ba ni labari, wai in ka taho cikin duhun nan sai ka gan shi shi kaɗai, da huda a tsakiya.

Sai da aka fara yankan gero Alhaji Bala ya dawo. Muka je duba shi a asibiti ni da Malam Isa. Ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi magana, ƙafafunsa a naɗe da bandeji. Ya ce a kan wani dutse aka ajiye su. Kowane dare in ya juya gabas yana hango wani ɗan haske can ƙasa, kamar tauraron da ya sauko, ya san allonsa ne. Wani dare aka yi ruwa mai ƙarfi, masu gadinsu suka shige ƙarƙashin dutse, shi da wani suka sulale. Suka ɓace a daji, ba su san gabas ba, ba su san yamma ba. Da ruwa ya ɗauke suka hau wani tudu, sai ga hasken. Da rana su ɓuya cikin dawa, in ya kama su nufe shi.

Ya ce, "Fitilar nan na bi, Malam Garba, har na taka kwalta."

Malam Isa ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To Alhaji, ko a janye maganar? Ko a bar ta a kunne?"

Alhaji Bala ya kalli silin. Sannan ya girgiza kai.

"A kashe. Inda nike zaune ina ganinta, nan su ma suke zaune."

Daga lokacin Malam Isa ya ƙara sharaɗi a cikin nasa: duk allo mai wuta da za a kafa a wajen gari sai an yi masa makunni a ƙasa, inda hannun mutum zai kai, don kada a sake hawa sama domin kashe fitila. Shi ya sa kuke ganin ina sa ku haɗa ɗan akwatin nan a gindin kowane ƙarfe, kuna gunaguni wai ƙarin aiki ne.

Na koma na kashe shi, ranar kasuwa, da hantsi, a bayan motar jami'an tsaro. Lawali ya riƙe tsani, wani mutum kuma ya hau rufin shago yana duban gonaki. Na hau tsani a rayuwata ba adadi, amma ranar kowane mataki sai na tsaya na saurara. Ban shiga ciki ba. Daga ƙofa na miƙa hannu na datse wayar, na kwance batura na sauko da su a igiya.

Da na sauko sai na tarar da Inna Hajo a wurinta. Ta dawo tare da 'yan tsirarun da suka dawo girbi. Ta kalli layin ƙwayayen da na ciro waɗanda harsashi ya lalata, ta ce, "Ɗan nan, duka sunka mutu?"

Na ce, "Akwai masu rai a ƙarshensa, Inna."

"To yanko min kaɗan. Idona ba ya ganin kasko in magariba ta yi."

Na yanko mata guntu kamar tsawon yatsa, na haɗa da ƙaramin batir, na ɗaure shi a ƙarƙashin teburinta yana kallon ƙasa, yadda haskensa ba zai wuce kasko da ƙafafunta ba. Ta gwada, ta kashe, ta sake kunnawa. Sannan ta jawo wani tsohon kwano ta ajiye kusa da hannunta na dama.

Na ce, "Wannan fa, Inna?"

Ta ce, "In na ji babur, in kife shi kan fitilar."